Makaranta a Tsakar Gida: Yadda Ake Ɗora Karatun Yara a Kan Bangaskiya

Iyayen da suka yanke shawarar koyar da 'ya'yansu a gida yawanci da tambayar littattafai suke farawa: wanne za a saya, nawa ne, a ina ake samunsa. Tambayar ta yi gaggawa. Akwai abin da ya kamata miji da mata su fara zama su daddale, wato wane irin mutum suke roƙon Allah yaron nan ya zama in ya kai shekara ashirin, kuma yaya za a tsara yinin gidan domin a doshi can. Gidan Kirista da ya tsallake wannan zama yakan wayi gari da 'yar ƙaramar makarantar gwamnati a falonsa, an manna mata addu'ar minti biyu a gaba. Yara kuwa suna da ido. Nan da nan suke gane cewa addu'ar share fage ce, ainihin harkar sai an buɗe littafin lissafi.

Koyarwa a gida a matsayin tsari mai suna a Amurka ta fi ƙarfi. A shekarun 1970 ne malamai irin su John Holt da Raymond Moore da matarsa Dorothy suka fara rubutu a kan cewa yaro zai iya samun ilimi mai kyau ba tare da aji ba. Iyalai Kirista suka rungumi abin sosai a shekarun 1980, har aka kafa ƙungiyar lauyoyi ta HSLDA a 1983 domin kare su a kotu, zuwa 1993 kuma ya zama halal a dukan jihohi 50 na ƙasar. Jamus har yau ba ta yarda ba. Afirka ta Kudu ta yarda tun dokar makarantu ta 1996, muddin an yi wa yaro rajista. A wajenmu kuwa da yawa ba zaɓa suka yi ba, hali ne ya kai su: rufe makarantu lokacin korona a 2020, rufe su a wasu jihohi saboda satar ɗalibai, tsadar makarantun kuɗi, ko aikin bishara da ya kai iyali ƙauyen da babu makarantar kirki kusa. Ko wane ne dalilin, aikin ɗaya ne, kuma yawancin abin da ke cikin jagorar nan zai amfani har iyayen da 'ya'yansu ke zuwa makaranta da safe su dawo da rana.

Magana ɗaya game da hukuma kafin mu shiga. A Nijeriya dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da UBE, ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. Kada kowa ya janye ɗansa a ɓoye. A je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a yi bayani, a ji abin da suke bukata, a riƙa adana littattafan aikin yaron da kwanan wata a jikinsu. Ba ya kyautu aikin da aka ce na Allah ne a fara shi da kewaye hukuma.

Zaman farko

Ku samu maraice ɗaya bayan yara sun yi barci, ku karanta sura ta 6 ta Maimaitawar Shari'a tare. Ku lura da wanda aka ɗora wa nauyin koyarwar, iyaye ne, sannan ku lura da wuraren da aka ce a yi ta: cikin gida, a kan hanya, lokacin kwanciya da na tashi. Babu aji a ciki, babu ƙararrawa. Daga nan ku ɗauki takarda guda, ku rubuta abubuwa kaɗan da kuke so ku gani a jikin kowane yaro a ƙarshen shekara. A rubuta su yadda ido zai iya ganinsu. "Ya zama mai tsoron Allah" buri ne mai kyau, amma ba wanda zai iya auna shi ranar Juma'a. "Ya iya ba da labarin Yusufu daga farko zuwa ƙarshe", "ta iya jagorantar addu'ar iyali", "ya daina ɓoye kuskurensa in an tambaye shi", waɗannan za ku san ko an samu ko ba a samu ba. A gefensu ku rubuta na boko, su ma a fili: jadawalin sau har zuwa goma sha biyu, rubuta wasiƙa mai shafi ɗaya ba taimako. Takarda ɗaya za ta ɗauki duka biyun, kuma da gangan nake cewa ɗaya.

Sujadar safe

Wannan ita ce ƙashin bayan yinin, don haka zan daɗe a kanta. A sa mata lokaci tsayayye, kafin a taɓa kowane darasi, kuma kafin kowa ya ɗauki waya, har da baba. Minti goma sha biyar zuwa ashirin sun isa in yaran ƙanana ne. Sujadar da ta kai awa guda takan mutu kafin wata ya ƙare, gajeriya kuwa ana iya riƙe ta shekara da shekaru.

A fara da waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, a riƙe ta mako guda ana maimaitawa har yara su haddace baitocinta duka. Bayan shekara gidan yana da waƙoƙi kusan hamsin a ka, waɗanda za su bi yaron har gadon asibiti da tsufa. Sai karatu. Shawarata a nan ita ce a ɗauki littafi guda a bi shi daga farko zuwa ƙarshe, a bar tsalle-tsalle daga wannan aya zuwa waccan. Markus ya fi dacewa da farawa, surori 16 ne, labarin kuma yana tafiya da sauri. Daga shi a koma Farawa, sai surori ashirin na farkon Fitowa, sai Luka da Ayyukan Manzanni, tunda mutum ɗaya ya rubuta su, na biyun ci gaban na farkon ne. Karin Magana surori 31 ne, ya dace da wata guda. Luka surori 24 ne, in aka fara ran 1 ga Disamba za a gama a jajiberin Kirsimeti. Wasu wurare, kamar ƙarshen Littafin Mahukunta, a jinkirta su sai yara sun tasa. Ban da watan da aka ware wa Karin Magana ko Luka, inda ake sura ɗaya a rana, kada a karanta da yawa, ayoyi goma zuwa goma sha biyar sun wadatar.

Abin da ke biyo bayan karatun shi ne inda gidaje da yawa ke kuskure. Babba yakan rufe littafi ya shiga wa'azi, yara su sunkuyar da kai suna jiran ya gama. Ga hanyar da ta fi: a rufe littafin, a ce wa yaro ɗaya, "To, Ladi, faɗa mana abin da kika ji." Ta ba da labarin da bakinta, ba a katse ta, ba a gyara mata sai ta kai ƙarshe, sannan ƙanenta ya ƙara abin da ta manta. Wata malama 'yar Ingila, Charlotte Mason, wadda ta fitar da littafinta na farko a kan koyarwa a gida a 1886, ita ta shahara da wannan dabara, tare da dagewa cewa darasin ƙaramin yaro ya zama gajere. Ga yaranmu abin ba baƙo ba ne, duk wanda ya tashi yana jin tatsuniya ya iya mayar da labari. Amfaninsa biyu: yaro yana sauraro da kyau domin ya san za a tambaye shi, kai kuma kana jin ainihin abin da ya shiga kansa, wanda sau da yawa ya sha bamban da abin da ka zata. Bayan haka tambaya ɗaya ta isa: me wannan ya nuna mana game da Allah? Ka bar su su yi ta laluben amsa. In shiru ya yi tsawo kada ka yi saurin cike shi.

Addu'a a ƙarshe, kuma kowa ya sa baki. A ajiye ƙaramin littafi na rubuta roƙe-roƙe da kwanan wata: kaka ba ta da lafiya, ruwa ya yi jinkiri, kawu yana neman aiki. Duk ƙarshen wata a buɗe a duba. Wasu an amsa, sai a yi godiya. Wasu ba a ga amsa ba, kakar ma wataƙila ta rasu, kada a tsallake shafin. A nan ne yaro zai ga yadda mai bi yake tsayawa gaban Allah a ranar da bai sami abin da ya roƙa ba, darasin da babu littafin makarantar da ke ɗauke da shi.

Game da harshe: a yi sujadar da harshen da ake faɗa da dariya da shi a gidan. In Hausa ce, Hausa. In Tyap ne ko Berom ko Bura ko Ngas, a yi addu'ar da shi ko da karatun da Hausa aka yi. Yaron da bai taɓa jin an yi wa Allah magana ba sai da Turanci zai ɗauka Allah na makaranta ne da manyan taro. Turancin yana da lokacinsa a jadawali, kuma a koyar da shi da kyau.

Hadda

Ƙaramin yaro yana haddacewa cikin sauƙi, sai a yi amfani da shekarun. A zaɓi fassarar Littafi Mai Tsarki ɗaya a tsaya a kanta. Akwai tsohuwar fassarar 1932, wadda Dokta Walter Miller ya yi babban aiki a kanta, akwai wadda ta biyo baya wajen 1980, akwai kuma sababbi. Har sunayen littattafai sun bambanta a tsakaninsu, abin da wata ta kira Misalai wata Karin Magana ta ce, don haka cakuɗa su yana rikita yaro. Ku ɗauki wadda ake karantawa a majami'arku. Sashe mai tsawo ya fi ayoyi warwatse amfani: Zabura 23 dukanta, Zabura 121, farkon sura ta 5 ta Matiyu, sura ta 13 ta Korantiyawa ta fari. Aya ɗaya ko biyu a mako, ana bitar na baya kullum.

A haɗa da Dokoki Goma, Addu'ar Ubangiji da Shaidar Bangaskiya ta Manzanni. Lokacin da Martin Luther ya rubuta ƙaramin littafinsa na tambaya da amsa a 1529, domin masu gida ya tsara shi, su koya wa mutanen gidansu. Na Heidelberg na 1563 yana da tambayoyi 129 da aka raba wa Lahadi 52 na shekara, na Westminster gajere na 1647 kuma 107. Ba sai kun nemo waɗannan ba. Ku tambayi fastonku ɗan littafin da ake amfani da shi a ajin baftisma na ikkilisiyarku, ku riƙa ɗaukar tambaya ɗaya a mako.

Gargaɗi ɗaya da nake yi da dukan zuciyata: kada a taɓa mayar da hadda horo. Yaron da aka ce ya haddace ayoyi goma saboda ya fasa kofi zai haddace su, amma abin da ya koya shi ne Maganar Allah bulala ce.

Lissafi, kimiyya da tarihi

Nan ne ainihin gwajin yake. Da yawa suna ɗauka cewa in an rubuta aya a saman shafin lissafi, ko an ce gurasa biyar a tara da kifi biyu, to lissafin ya zama na Kirista. Ba laifi ga ɗan shekara biyar, amma abin bai taɓa komai ba. Abin da ake nema shi ne bangaskiya da karatu su zama zare da abawa, yadda ba za ka zare ɗaya ba tare da ka warware saƙar ba.

A lissafi hakan yana nufin gaskiya da kula. Ka ba yaro jan biro da takardar amsoshi ya duba aikinsa da kansa, ya rubuta makinsa. Ran da ya kawo maka huɗu cikin goma bai gyara ko ɗaya a ɓoye ba, ka yaba masa fiye da ran da ya ci goma. Ki tafi da 'yarki kasuwa ku sayi mudun masara a wuri biyu, ku dawo gida ku auna da kwano ɗaya, ta lissafa bambancin, sannan ku duba yawan wuraren da Karin Magana ya yi magana a kan ma'auni na zamba. Kashi ɗaya cikin goma a koye shi da zakkar kuɗin da yaron ya samu da kansa, daga kazarsa ko 'yar gonarsa, shi zai ƙirga, shi zai kai. In sun girma, a koyi kashi cikin ɗari da lissafin kuɗin ruwa: wanda ya ci bashin naira dubu goma a kan kashi ashirin cikin ɗari duk wata, nawa zai biya bayan wata shida? Yaron da ya yi lissafin nan da hannunsa zai fahimci abin da ya sa annabawa suka yi ta kuka a kan masu cin talaka.

A kimiyya kada a ji tsoro. Gregor Mendel, wanda ya gano yadda 'ya'ya ke gadon kamannin iyaye, ɗan zuhudu ne, a lambun gidan ibadarsu da ke Brno ya yi shekaru yana shuka wake yana ƙirgawa, aka buga sakamakonsa a 1866. Georges Lemaître, wanda ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam. Bangaskiyarsu ba ta hana su duba abu da kyau ba. Ku ma ku koya wa yara dubawa. Ku shuka wake a gwangwani uku, ɗaya a rana, ɗaya a cikin duhu, ɗaya ba ruwa, su riƙa aunawa suna zanawa. Ku bi wata dare bayan dare suna zana siffarsa har ya kewayo, kwana 29 da rabi ke nan. Daga nan sai ku tambaye su abin da ya sa ranar Ista take yawo alhali Kirsimeti tana nan a 25 ga Disamba. Amsar tana cikin zanen da suka yi: Ista ita ce Lahadin da ke bin cikar wata ta farko daga 21 ga Maris, shi ya sa a majami'unmu take faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Sai ku koma Fitowa ku ga Idin Ƙetarewa, ku taɓa taron Nikiya na shekarar 325 inda aka tattauna haɗa kai a kan ranar. Tambaya ɗaya ta ratsa ilimin taurari da Tsohon Alkawari da tarihin ikkilisiya, ba tare da an tilasta komai ba.

A tarihi, yaronmu ya kamata ya san cewa bishara ta iso Afirka tun zamanin manzanni. Ya karanta labarin mutumin Habasha a sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni, ya nemo Iskandariya a taswira, garin Atanasiyus, ya san Agustin da mahaifiyarsa Monika mutanen ƙasar da yau ake kira Aljeriya ne. Ya san Samuel Ajayi Crowther, wanda aka kama bawa yana yaro ya zama bishop a 1864. Ya san samari uku da suka sauka Legas a 1893, Gowans da Kent da Bingham, biyu suka rasu cikin shekara guda, aikin da suka fara kuma shi ya haifi ECWA. Ya san wuraren da aikin bishara ya kafu da shekarunsu: Wase da 1904, gindin tsamiyar Garkida da 1923, Wusasa da 1929. Amma mafi daɗin darasin yana kusa: ku kai yaran wurin dattijo mafi tsufa a majami'arku da littafi da biro, su tambaye shi yadda bishara ta shigo garinku, wa ya fara karɓa, me aka yi masa. Su rubuta, a adana. Sunayen masu bishara 'yan ƙasa da suka yi tafiyar ƙafa ƙauye zuwa ƙauye suna ɓacewa domin ba wanda ya rubuta.

Kuma a koyar da sauran tarihin ƙasar da adalci: daulolin Kano da Katsina da Borno, jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, Nana Asma'u da aikinta na ilmantar da mata a gidajensu. A karanta Magana Jari Ce ta Abubakar Imam domin daɗin Hausarta. Musa ya sami ilimin Masarawa, Daniyel ya yi karatun Babila, Bulus ya san mawaƙan Helenawa har ya kafa hujja da su a Atina. Yaron da aka ɓoye wa duk abin da ba Kirista ya rubuta ba zai fita duniya da tsoro ko da raini, kuma ba ɗayansu da ke taimakon shaida.

Manhajojin da ake shigo da su daga Amurka, irin su Abeka da ACE, an tsara su da kyau, amma domin yaron Amurka: tarihinsu, kuɗinsu, ma'auninsu, ga shi da dala ake saye. Wanda yake da hali ya ɗauki abin da ya dace a ciki. Ginshiƙin dai ya zama manhajar ƙasa ta hukumar NERDC, tunda a kanta za a yi wa yaron jarrabawa.

Malamin shi ne darasi

Uwar da ta gama sujada da tattausar murya, bayan minti talatin kuma tana zagin yaro da "daƙiƙi" saboda ya kasa haɗa baƙi da wasali, ta koyar da darussa biyu a safiyar, na biyun ne kuma zai zauna. Koyar da ɗan cikinka ya fi koyar da na wani wuya, domin kasawarsa tana taɓa ka a wurin da ta ɗan wani ba ta kaiwa. In ka ji ranka ya fara ɓaci, ka rufe littafin, kowa ya sha ruwa, a dawo. In kuwa ka riga ka yi faɗan da ya wuce kima, ka kira yaron ka ce, "Na yi maka ba daidai ba, ka gafarce ni." A al'adarmu wannan yana da nauyi a bakin babba, na sani. Amma yaron da ya yi shekaru yana jin wa'azin tuba bai taɓa ganin babba ya tuba ba, zai ɗauka tuba aikin yara ne da za a daina in an girma. Sura ta 6 ta Afisawa da ta umarci 'ya'ya da biyayya, ita ce kuma ta ja kunnen ubanni a kan tsokanar 'ya'yansu. A bambanta tawaye da rashin ganewa. Ƙarya da taurin kai suna bukatar horo. Rashin gane rabawa kuwa ƙarin bayani yake bukata, ta wata hanya dabam.

Susanna Wesley, mahaifiyar John da Charles Wesley, ta koyar da 'ya'yanta a gidansu na Epworth a Ingila cikin talauci da bashi. Abubuwa biyu nata sun cancanci koyi. Ta ware wa kowane yaro lokacinsa shi kaɗai sau ɗaya a mako domin su yi maganar ransa, John daren Alhamis ne nasa, ya kuma riƙa tuna shi har ya girma. Sannan ta kafa doka cewa ba za a sa 'ya mace aikin ɗinki ba sai ta iya karatu sosai. Na biyun nan ya shafe mu ƙwarai. A gidan da makaranta take tsakar gida, abu ne mai sauƙi babbar 'ya ta koma mai raino da wanke-wanke yayin da ƙannenta maza ke kan tebur. Lokacin darasinta nata ne, kada a taɓa shi.

Ku kuma iyaye maza, kada ku sakar wa mata komai. Ko aiki yana fitar da kai tun asuba, ka ɗauki abu guda ya zama naka: sujadar dare, ko bitar hadda ran Asabar, ko darasin tarihi. Yara maza musamman suna kallon abin da uba ya ɗauka da muhimmanci.

Tambayoyi masu wuya

Wata rana yaron zai tambaya: in Allah nagari ne, me ya sa aka ƙone ƙauyen su kaka? Wa ya yi Allah? Abokina Musulmi ya ce an canza Littafinmu, gaskiya ne? Kada a tsawata masa. Yaron da aka rufe wa baki a gida zai kai tambayarsa intanet, can kuwa ba a rasa mai amsawa. Ka ce masa tambayar mai kyau ce, ka amsa iyakar saninka, sauran ku je wurin fasto tare, ko ku nemi littafi ku karanta. Ka nuna masa cewa Zabura cike take da masu yi wa Allah tambaya cikin kuka, Ayuba da Habakuk haka, Toma kuma ba a kore shi ba. Tun daga shekara goma sha biyu ma kai ne za ka riƙa kawo irin tambayoyin nan teburin da kanka, gara ya fara jin su daga bakinka.

A tuna kuma cewa iyaye ba sa iya ba yaro sabuwar zuciya, wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Timoti ya san Littattafai tun yana ƙarami ta hannun kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, namu ke nan, mu koyar mu yi addu'a. Kada a matsa wa yaro ya furta abin da bai kai ba domin a faranta wa baƙi rai, kada kuma a tura shi baftisma saboda sa'o'insa sun yi.

Ƙofar gida a buɗe

Babban haɗarin wannan tsari shi ne kaɗaici. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro ya je makarantar Lahadi, ya shiga Brigade ko ƙungiyar mawaƙa, ya zauna ƙarƙashin wasu manya da ba iyayensa ba. In akwai gidaje biyu ko uku masu irin wannan tsari, a haɗu sau ɗaya a mako, wanda ya iya kimiyya ya ɗauki yaran duka, wadda ta iya Turanci haka. A sa hidima a cikin jadawali kamar kowane darasi: ɗebo wa gwauruwa ruwa, gaishe da marar lafiya, share harabar majami'a. Ya yi wasa da yaran unguwa, Kirista da Musulmi, ya iya gaisuwa, ya kai wa maƙwabta abincin Kirsimeti, ya karɓi naman Sallah da godiya in haka kuka saba. Ƙaunar maƙwabci ba ta koyuwa a ɗakin da aka kulle.

Kada kuma ibada ta zama mafakar rashin aiki. Yaron da ya haddace Zabura ashirin amma bai iya rabawa ba yana shekara goma sha ɗaya, an cuce shi, kuma da sunan Allah aka yi. Duk zango a nemi wani malami daga waje ya gwada shi ba sani ba sabo. A san hanyoyin jarrabawa tun da wuri: ta shiga sakandare, sannan WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, bayansu JAMB. Darussan da ke bukatar ɗakin gwaji a nemi makarantar da za ta yarda yaro ya riƙa zuwa. In kuwa an gwada shekara guda aka ga abin ya fi ƙarfin gidan, uwa ta gaji, yaro yana ja baya, a mayar da shi makaranta ba tare da kunya ba, a riƙe sujadar safe da hadda da hirar mako da kowane yaro. Ba a umarci kowane gida ya zama makarantar boko ba.

Roƙona na ƙarshe ga fastoci da dattawan ikkilisiya da shugabannin Zumuntar Mata ne. Akwai gidaje a cikin garkenku da suke wannan aiki shiru, wasu saboda zaɓi, wasu saboda makarantar garinsu a rufe take. Ku neme su, ku ziyarce su a ranar aiki ku ga yadda suke yi, ku buɗe musu ɗakin makarantar Lahadi da ke kulle daga Litinin zuwa Asabar, ku haɗa su da malaman da suka yi ritaya a cikinku.